Dela Ta Ƙi Kwanciya

Ciwon ya sauko wa Dela a makon da aka fara jidar damman hatsi daga gona. Ta miƙe bisa tabarma bayan azahar don ta ɗan huta, sai ta ji kamar an soka mata basilla ƙarƙashin nonon hagu, tsinin ya ɓullo ta kafaɗa. Ta ja numfashi, basillar ta ƙara nutsewa. Ta tashi zaune, abin ya ɗan lafa. Ta sunkuya gaba ta dafa gwiwoyinta, sai ta ji an zare rabinta. Dela mace ce da ba ta yarda da zance sai ta ji shi sau biyu, don haka ta sake kwanciya. Ciwon ya maimaita mata, bai rage komai ba.

Ita ce yayar maigidan, Isufu dillalin shanu, kuma ita ta goye shi. Da mijinta ya rasu a Birnin Lalle, ba ɗa ba jika, ta dawo gidan ƙanenta a Dakoro, aka ba ta ɗakin da ke jikin madafi. Dutsen niƙa yana bakin ƙofar ɗakin. Ba wanda ya taɓa cewa dutsen nata ne, ba kuma wanda ya taɓa durƙusawa gabansa in ba ita ba. Baki goma sha ɗaya ke ci a gidan, ban da Fulani da Buzayen da ke sauka a zaure duk jajiberin kasuwa, su ma ba da azumi suke zuwa ba.

Da la'asar ta ja jiki ta durƙusa gaban dutsen, ta zuba hatsi, ta kama ɗan dutse da hannu biyu, ta kifa ƙirjinta gaba. Nan ta samu abin da tabarma ta hana ta. In tana duƙe haka, nauyinta bisa hannuwa, numfashi yana shiga bai yanke ta ba. Ta niƙa ƙwarya guda, ta ƙara ta biyu don kada ta tashi.

Lalla matar Isufu tana zaune a inuwa tana ba jaririnta nono.

"Yaya, ba ke aka ce ba ki da lahiya ba ɗazu?"

"Ni ce."

"To ga shi kin yi niƙan yau har da na gobe."

"In na duƙa nan yana sakina. In na kwanta ne yake kama ni."

Lalla ta waiga, irin waigen wanda ya tsinci abu a hanya yana duba ko mai shi na kusa. Da Isufu ya shigo ta tare shi da albishir. Yaya ta kamu da ciwo, amma Allah Ya ajiye maganin a bakin ƙofarta. Kwanciya ke tayar da shi, niƙa ke kwantar da shi.

"Ikon Allah," in ji Isufu. "Haka mutanen da suke. Jikinsu bai san zama ba."

Kwana shida Dela tana barci a zaune, goshinta bisa turmin da ta kifa a ɗakinta. Zazzaɓi yana zuwa da yamma, ya tafi da safe ya bar mata zane jiƙe. A rana ta bakwai Hanatu maƙwabciya ta shigo aron rariya. Hanatu ita ke wanke gawar mata a unguwar, saboda haka ba a koya mata duban fuska. Ta tsaya kan Dela ta manta da rariyar.

"Tashi mu tahi likita."

"Isufu bai ce ba."

"Isufu ke jan numfashin nan ko ke?"

Likitar Dakoro, wato asibitin garin, ɗaki biyu ce da Nasara suka gina kusa da ofishin kwamanda, kuma babu dokotoro a cikinta. Babbanta ma'aikacin jinya ne, mutumin Damagaram, sunansa Mahamman, amma kowa Manjo yake ce masa. Ya nuna wa Dela gado.

"In za ka duba ni, duba ni a zaune," in ji ta.

Ya ce ta daure ta kwanta kaɗan. Ta kwanta. Ya ga yadda fuskarta ta koma, ya tayar da ita da kansa. Ya sa abin saurare a kunnensa, ya ɗora bakin abin a ƙirjinta, ya ce ta sunkuya gaba ta riƙe numfashi. Ya daɗe yana ji.

"Inna, kin taɓa ganin zuciyar rago in an fede shi? Tana cikin wata ƴar jaka mai sheƙi."

"Na yanka ta ta fi a ƙirga."

"To taki jakar ta kumbura. Ina jin ta tana gogar zuciyar, kamar sabon takalmi a rairayi. Sukan ke nan. In aka bar ta, ruwa zai taru a ciki ya matse zuciyar har ta rasa wurin bugawa. Abin da ke gare ni nan ƙwayar rage zafi ce. Dokotoron Maradi yana da allurar da yake zuƙe ruwan, da maganin da ake daɗewa ana sha."

Ya rubuta takarda ya buga mata hatimi. Motar wasiƙu, wadda ake kira kurye, tana tashi zuwa Maradi duk Talata da hantsi, kuma da takardar nan za a ba ta wuri. Abu biyu kawai ake so: maigida ya yarda, kuma wani ya raka ta ya yi jinya, don can ba a karɓar mara lafiya shi kaɗai.

"Kafin nan babu aiki. Ko tsintsiya kada ki ɗauka."

"Niƙa hwa? Ita ke ba ni sauƙi."

"Duƙawar ce, Inna, ba niƙan ba. Ki jingina da abin da kika samu, ki bar hannu ya huta. Duk turin da kika yi wa dutsen nan, zuciyar ce ke ɗaukarsa."

Isufu ya karɓi takardar da hannu biyu. Bai iya karatun Nasara ba, amma yana girmama hatimi. Ya juya ta, ya sake juyawa, ya mayar mata.

"Yaya, wagga Talata ba ta yiwuwa. Masu jidar hatsi goma sha biyu ne, gobe da jibi da gata. Wa za ya yi musu tuwo? Lalla ga goyo. Ki bari sai Talata ta sama."

"Manjo ya ce in bar aiki."

"Ai ba wanda ya sa ki. Ke kika ce nan kike jin daɗi."

Dela ta ƙulle takardar a bakin zanenta. Washegari ta kira Lalla don ta nuna mata da ido, tunda kunne bai ɗauka ba. Ta share dutsen tas, ta durƙusa, ta ɗora hannuwanta a kai, ta kifa ƙirji, ba ta motsa ba.

"Kin gani? Ba hatsi, ba niƙa, kuma ya sake ni. Duƙawar ce."

Lalla ta duba da kyau, ta gyaɗa kai, ta ce lalle haka ne, Manjo ya san aikinsa. Ta shiga madafi ta fito da ƙwarya.

"To tunda dai kina wurin, Yaya, ga dutsen ga ki, ai hannu bai zama banza."

Ta zuba hatsin ta tsakanin hannuwan Dela, a hankali, don kada ya zube ƙasa. Daga ƙofar gida ana jin muryoyin masu jida sun sauke zuwan farko. Dela ta dubi hatsin. Ta kama ɗan dutse.

Talata ta zo, kurye ta yi ƙaho sau uku a bakin kasuwa ta tafi.

A mako na biyu sukan ya daina. Dela ta wayi gari ba basilla, sai wani nauyi, kamar an ɗora mata salkar ruwa a ƙirji an ɗaure bakinta. Ƙafafunta suka cika har munduwar ƙafa ta nutse cikin fata. Jijiyoyin wuyanta suka miƙe tsaye kamar igiyar guga. Daga ɗakinta zuwa bayan gida sai ta tsaya sau biyu. Waƙar niƙan da take yi tun tana budurwa ta koma gunji, gunjin ma ya ɗauke, don ba ta da iskar da za ta raba biyu.

"Alhamdu lillahi, ta bar cewa suka," in ji Lalla ga matan da suka zo barka da hatsi. "Ku dubi ƙafarta ma, har ƙiba ta yi."

Ranar Litinin Hanatu ta tare Isufu a zaure ta ce ita za ta raka Dela Maradi. Tana da ɗiya a can, ba ta rasa wurin sauka.

"Inna Hanatu, Allah Ya saka. Amma mi za a ce a gari? Isufu na raye, maƙwabciya ta ɗauki yayarshi ta kai gidan Nasara?"

"To kai ta da kanka."

"Gobe? Garken Buzaye na sauka gobe, baƙi ashirin. In bar su ga wa? Ta sama, in sha Allah."

"Ta sama ta wuce, wagga ce ta saman."

"Ai Talata ba ta ƙarewa, Inna."

Baƙi ashirin suka sauka, suka sha fura, suka yaba laushin tuwon gidan Isufu. Kurye ta yi ƙaho ta tafi.

Ranar Alhamis Rabo makiyayin gidan ya shigo da takarkari, jan san nan da ke jan guga a rijiya. Garken dabbobi yana bayan zana, taku biyar daga dutsen niƙa, don haka Dela ta ji komai. Rabo ya ce kwana biyu ke nan san ya ƙi kwanciya. Sai ya nemi tudu ya ɗora ƙafafun gaba a kai, ya ware su, ya tsaya yana nishi.

Isufu ya bar furarsa ya taso. Dela ta ji yana zagaya san, yana bubbuga shi, yana magana da muryar da yake yi a kasuwa in ya ga abin da wasu ba su gani ba.

"Dubi wuyan. Ka ga jijiyar? Taɓa ƙirjin nan, ka ji ya cika. Wanga ruwa ne ya taru a jakar zuciya. Na sha gani wurin mahauta, in an fede sai ka ga zuciyar na iyo. Dabbar da ta ƙi kwanciya, ba ƙarfi ne ya yi mata yawa ba, Rabo, kwanciyar ce ke shaƙe ta. Tun yaushe kake sa shi jan guga a haka?"

"Jiya ma ya ja."

"Kana son ka kashe shi? Cire mishi igiya. Ɗaure shi a inuwar aduwa, ka dama mishi dusa. Jaki ya yi jidar ruwa. Akwai wani Bafillace a Sabon Maci da ya san maganin wanga abu, zan neme shi."

Da ya zagayo cikin gida zai wuce, Dela ta kira shi. Ba ta ɗaga kai ba, don ɗaga kai ma ya zama aiki.

"Isufu."

"Na'am, Yaya."

"Ni ma na ƙi kwanciya. Zo ka dubi wuyana."

Bai zo ba. Ya tsaya inda yake yana gyara hula.

"Haba Yaya. Ke mutum ce, ya za ki haɗa kanki da dabba?"

"Ban haɗa ba. Shi an cire mishi igiya."

Isufu ya yi ƴar dariya, ya ce wa Lalla Yaya har yanzu bakinta na nan, alamar lafiya ke nan. Ya fita.

Litinin ta uku Manjo ya zo gidan da kansa, da yake bai ga an zo neman wuri a mota ba. Isufu ya shimfiɗa masa buzu, ya sa aka kawo fura da nono. Manjo ya ce ba zama ya kawo shi ba. Aka yi masa iso ya shiga, ya tarar da Dela duƙe gaban dutse, gari ya yi mata fari har gwiwar hannu.

"Ka gani da idonka, Manjo," in ji Isufu. "Mun yi mun yi ta kwanta, ta ƙi. Ko ba haka ba, Lalla?"

"Wallahi har tabarma sabuwa na shimfiɗa mata."

Manjo ya tsuguna ya saurari ƙirjin. Ya matsa da abin sauraren nan, ya matsa can.

"Ƙarar takalmin ta ɗauke ko?" in ji Dela.

"Ta ɗauke. Yanzu daga nesa nake jin zuciyar, kamar ana daka a wata unguwa." Ya dubi Isufu. "Maigida, ruwan ya taru. Ba na ce maka za ta kai wata Talatar ba." Ya juyo gare ta. "Inna, ke nake tambaya. Kina son tafiya?"

A irin wannan wuri an san amsar da mace mai kunya take bayarwa. Takan ce duk yadda maigida ya gani. Isufu yana jiran ta, Lalla ma tana jira. Dela ta tara iskar da ke gare ta.

"Ina so. Tun ta farko nake so."



"Ai ba wanda ya hana," in ji Isufu. "Gobe ni da kaina zan kai ta. Ka rubuta sunana, Manjo."

Manjo ya rubuta.

Da gari ya waye Dela ta yi wanka a zaune, ta ɗaura baƙin zanenta na saƙi da ta zo da shi daga Birnin Lalle, ta mayar da takardar bakinsa. Ta ƙulle ƙwaryarta da ludayi a tsumma. Hanatu ta shigo ta tarar da ita a shirye.

"Ina Isufu?"

Lalla ta ce ai ya hau doki tun da aka sallame asuba. Labari ya zo cewa Bafillacen nan mai maganin shanu zai tashi daga Sabon Maci yau, in ba a same shi ba sai baɗi. Ya ce a gaya wa Yaya ta yi haƙuri, ta sama ba fashi.

"Ya faɗa gaban Manjo ya yarda," in ji Hanatu. "Ni zan raka ta, a ce abin da za a ce. Kawo jaki."

"Jaki na rijiya, Inna. Kin san san ba shi da lahiya."

Suka kama hanya da ƙafa, Dela tana rataye a kafaɗar tsohuwar da ta girme ta da shekara goma. Daga dutsen zuwa zaure taku talatin ne. Sun yi shi da hutu huɗu. A bakin zaure gwiwoyin Dela suka ƙi, ta dafa bango ta sulale. Kasuwa tana can gaba, bayan masallaci da rumfunan mahauta. Hanatu ta ce ta jira nan, za ta nemo jaki ko da na sarki ne, ta fita da saurin da ƙafarta ta yarda.

Dela tana nan zaune ta ji ƙahon farko. Ta ji na biyu. Tsakanin na biyu da na uku akwai ɗan jinkiri, ta san Manjo ne yake roƙon direba. Sannan na uku ya zo, ƙarar motar ta yi kudu tana raguwa har ta ɓace.

Zaman zauren yana shaƙe ta, ba abin jingina sai bango, bango kuma baya yake mayar da mutum. Wuri ɗaya ta sani a gidan nan da iska ke shiga ƙirjinta. Ta koma da rarrafe, da zanenta na saƙi, ta durƙusa gaban dutsen, ta ɗora hannuwa, ta kifa.

Lalla ta fito da ƙwarya.

"Tunda tahiyar ba ta yiwu ba, Yaya."

Dela ta sa bayan hannu ta ture ƙwaryar. Ba da ƙarfi ba, ba ta da shi. Ƙwaryar ta gangara, hatsin ya watse, kaji suka taso.

"Yau dutsen nawa ne," in ji ta.

Lalla ta tsince abin da kaji suka bari tana cewa ita dai ba ta san abin da ta yi wa Yaya ba. Can ta leƙo ta ce rana na yi, yara ba su karya ba. Dela ba ta amsa ba. Ta sake leƙowa ta ce in fushi ne a yi da wanda ya hau doki, ita mi ne nata. Dela ba ta amsa ba. Lalla ta gaya wa mai tallan kuka cewa Yaya ta koyi gaba da tsufanta.

Rana ta kusa tsaka Hanatu ta dawo da jakin aro, Manjo yana biye da ita. Suka tarar da Dela yadda take kullum, a duƙe, goshi bisa hannuwa, hannuwa bisa dutse. Hanatu ba ta kira sunanta ba. Ta dafa kafaɗar, ta ɗauke hannunta, ta ce wa Manjo ya mayar da abin saurarensa aljihu.

Ita ta yi wankan. Ta kwance takardar daga bakin zanen, hatimin bai ko goge ba, ta aika wa Isufu da ita zaure. Sannan ta shimfiɗa sabuwar tabarmar nan ta Lalla, ta tallafi kan, ta miƙar da ƙafafun da suka yi kusan wata ba su miƙe ba.

"Kwanta, Dela," in ji ta.

A zaman makoki Isufu ya yi kuka na gaske, har sai da liman ya ba shi baki. Duk wanda ya zo gaisuwa sai ya gaya masa irin yayar da ya rasa. Ita ta goye shi. Mace ce da ba ta san hutu ba. Sun yi sun yi ta kwanta ta ƙi, har ranar ƙarshe a bakin aikinta aka same ta. Mutane suka ce irin su sun ƙare, Allah Ya ba mu rabin ƙwazonta.

Hanatu tana wucewa ta bayan zana da tulun wanka, ta tsaya.

"Ni na kwantar da ita," in ji ta. "Ba ta yi mini gardama ba."

Maza suka sunkuyar da kai, wani ya ce tsufa ke nan, liman ya ja fatiha.

San ya ƙara kwana tara a inuwar aduwa yana shan dusa kafin a kira mahauta. Tuwon gidan kuwa ya yi tsaki-tsaki, baƙi suka fara magana, Lalla ta ce bayanta ba ya ɗaukar durƙuso. Kafin sadakar arba'in Isufu ya tuna da zumunci. Ya aika ƙauyen Rumbu aka ɗauko Uwale, ɗiyar ƙanen babansu, wadda mijinta ya rasu bara, ba ɗa ba jika, tana can ba mai kula da ita. Garin ya yaba masa. Aka share mata ɗakin da ke jikin madafi, aka fitar da turmin da ke kife a ciki.

Ba wanda ya ce mata dutsen nata ne.